DARASIN WANNAN WATA: YADDA AKE ADANA TUFFA A CIKIN SANYI

A wannan wata za mu yi karatu a kan tuffa. A kasuwa wasu na ce mata aful. Muna ganin ta a faranti a tasha. Muna ganin ta a teburin mai kayan marmari. Mukan saya mu kai dubiya asibiti. Da azumi kuma mukan sa ta a kayan buɗa baki.

Ga tambaya. Mangwaro yana da lokacinsa. Goba tana da nata. To, me ya sa ake samun tuffa a kasuwa rani da damina? Amsa ita ce, ana adana ta a cikin sanyi. Tuffar da ke hannunka, mai yiwuwa ta yi watanni da barin bishiya.

Wannan darasi zai amfani mai saye. Zai amfani ɗan tireda da ke sarin kwali ɗaya. Zai kuma amfani manomin tumatir da na mangwaro. A karanta a hankali.

INA AKE NOMA TUFFA?

Asalin tuffa daga tsakiyar nahiyar Asiya ne. Har yau akwai tuffar daji a tsaunukan ƙasar Kazakistan. Daga can ta bazu zuwa sauran duniya. A yau ƙasar Sin ce ta fi kowa noma ta. Kusan rabin tuffar duniya a can ake samu.

Bishiyar tuffa tana son sanyi. Sai ta sha sanyin hunturu mai tsawo, sannan take yin fure mai kyau. Shi ya sa ba ta yi a yawancin garuruwanmu. Ana ɗan noma ta a tsaunukan Jos, inda akwai sanyi. Amma mafi yawan wadda muke ci daga waje take zuwa.

Afirka ta Kudu tana cikin manyan masu aiko mana da ita. Akwai gonakinta a yankunan Ceres da Elgin. Suna tsinkar ta daga wajen watan Janairu zuwa Mayu. Ƙasashen Turai, kamar Faransa, suna tsinkar tasu daga Agusta zuwa Oktoba.

Ana zuba ta a kwali mai nauyin kilo 18 ko kusa da haka. Ana loda kwalayen a kwantena mai injin sanyi. Jirgin ruwa ya kawo ta Legas. Daga nan mota ta ɗauko ta zuwa arewa, har kasuwanni irin ta 'Yan Lemo a Kano.

TUFFA TANA DA RAI

Ga babban abin da za mu riƙe a wannan darasi. Tuffa ba ta mutuwa ranar da aka tsinke ta. Tana nan da rai. Tana numfashi, kamar yadda muke yi.

A cikin iska akwai wani sashe da ake kira oksijin. Shi ne muke shaƙa mu rayu. Tuffa ma shi take shaƙa. Tana amfani da shi ta ƙona sukarin da ke jikinta. Sai ta fitar da wata iska da ake kira iskar kabon. Tana fitar da ruwa da ɗan zafi kuma.

Lokacin da take kan bishiya, uwarta ce ke ba ta abinci da ruwa. Da an tsinke ta, sai ta koma cin guzurinta. Kullum guzurin raguwa yake yi. Ɗan tsamin nan mai daɗi ya ragu. Jikinta ya saki. In ka gatsa, sai ka ji kamar gari a baki. Daga nan sai ruɓa.

Ashe ke nan, duk aikin mai ajiya guda ɗaya ne. Shi ne ya rage saurin numfashin tuffa. In numfashi ya yi ƙasa, guzuri zai daɗe. Abubuwa uku ake kula da su: sanyi, laima da iska.

ABU NA FARKO: SANYI

Ana auna zafi da sanyi da digiri. Ruwa yana zama ƙanƙara a digiri 0. Yana tafasa a digiri 100. Jikin mai lafiya yana wajen digiri 37. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40.

Masana sun auna numfashin 'ya'yan itace. Sun ga duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, numfashi yakan ninka sau biyu, ko ma fiye. Mu yi lissafi. A ce a digiri 0 numfashin tuffa 1 ne. A digiri 10 ya zama 2. A digiri 20 ya zama 4. A digiri 30 ya zama 8. Wato kwana ɗaya a zafinmu ya fi mako guda a ɗakin sanyi.

Saboda haka yawancin tuffa ana ajiye ta a digiri 0 zuwa 1. Wani zai ce, ai za ta daskare. Ba za ta daskare ba, domin akwai sukari a ruwanta. Ruwan sukari ba ya ƙanƙara da wuri. Sai sanyi ya sauka ƙasa da 0 da wajen digiri ɗaya da rabi ko biyu.

Akwai wasu ire-iren tuffa da ba sa son sanyi mai tsanani. In an sa su a digiri 0, cikinsu yakan yi duhu. Su ana ajiye su a digiri 3 zuwa 4.

Ba a jinkiri wajen sanyaya tuffa. Tana zuwa daga gona da zafin rana a jikinta. Masu gona suna ƙoƙari su kai ta ɗakin sanyi a ranar da aka tsinka. Jinkirin kwana kaɗan yana rage makonni daga ajiya.

Da sanyi kaɗai, tuffa tana iya yin wata 3 zuwa 6. Ya danganta da irinta. Koriyar nan mai tsami, Granny Smith, tana daɗewa. Haka ma Fuji. Amma Gala ba ta kai su jure ajiya ba.

ABU NA BIYU: LAIMA

Tuffa yawancinta ruwa ce. A cikin kashi 100 na nauyinta, wajen kashi 85 ruwa ne. A fatarta akwai ƙananan ƙofofi. Ta nan ruwa yake fita a hankali.

In iska ta bushe, sai ta riƙa tsotse ruwan tuffa. Kun san yadda hunturu yake busar da leɓe. Haka yake yi wa tuffa. Fatarta ta yamushe. Nauyinta ya ragu. Mai saye ya gani ya wuce.

Don haka ɗakin ajiya yana bukatar laima mai yawa. Ana riƙe laimar a kashi 90 zuwa 95 cikin 100. Amma a lura, laima a iska ake so. Ba a son ruwa ya kwanta a jikin tuffa. Ruwa a kwance yana kawo funfuna.

Allah ya yi wa tuffa wani ɗan maiƙo a fata, kamar kakin zuma. Shi ne yake tare ruwa. Wasu kamfanoni sukan ƙara mata wani kakin, wanda ba ya cutarwa. Shi ya sa take sheƙi. Duk da haka a wanke ta da ruwa mai tsabta kafin a ci.

ABU NA UKU: ISKA

A shekarun 1920, wasu masana biyu sun yi bincike a Kambirij ta ƙasar Ingila. Sunayensu Franklin Kidd da Cyril West. Sun gano cewa in aka rage oksijin a ɗaki, numfashin tuffa yakan yi ƙasa sosai. A shekarar 1929 aka fara amfani da wannan dabara a wata gona a yankin Kent na Ingila.

Ga yadda ake yi a yau. A iskar da muke shaƙa, oksijin kashi 21 ne cikin 100. Ana cika ɗaki da tuffa. A rufe ƙofa ruf, a toshe duk wata kafa. Sai inji ya rage oksijin zuwa kashi 1 ko 2 ko 3. Ana kuma kula da iskar kabon kada ta yi yawa. In ta yi yawa, cikin tuffa yakan lalace.

A irin wannan ɗaki, tuffa kamar barci take yi. Wasu ire-iren sukan yi wata 9, har kusan shekara. In an buɗe ɗaki, a same su da ƙarfinsu.

Wannan ɗaki yana da haɗari ƙwarai. Iskar cikinsa ba ta isa mutum ya rayu ba. Wanda ya shiga zai suma nan take. An sha rasa rayuka ta haka. Sai an buɗe ƙofa iska ta shiga, an auna, sannan ma'aikata ke shiga.

ISKAR NUNA

Akwai wata iska da 'ya'yan itace suke fitarwa. Masana na kiran ta etilin. Mu kira ta iskar nuna. Ido ba ya ganin ta. Ita ce ke sa ɗanye ya nuna.

Mun san aikinta ko da ba mu san sunanta ba. In an rufe ɗanyar ayaba a buhu, takan nuna da sauri. Iskar nuna ce ta taru a ciki.

Tuffa tana fitar da wannan iska da yawa. Wadda ta nuna sosai ta fi fitarwa. Haka ma wadda ta ji rauni. Sai ta sa na kusa da ita su tsufa. Hausawa sun ce, wake ɗaya shi ke ɓata gari.

A Amurka wasu masana biyu, Edward Sisler da Sylvia Blankenship, sun samo wani magani. Suna aiki ne a wata jami'a a jihar North Carolina. Maganin nasu yana hana tuffa jin iskar nuna. Ana sakin sa a ɗakin ajiya kamar turare. An ba da izinin amfani da shi ga tuffa a Amurka a shekarar 2002. Sunansa na kasuwa SmartFresh.

AJIYA DAGA GONA TAKE FARAWA

Ɗakin sanyi ba ya gyara abin da ya lalace. Abin da ka sa, shi za ka ɗauka. Don haka manoman tuffa suna kula da abu uku.

Na ɗaya, lokacin tsinka. In an tsinka da wuri, tuffa ba za ta yi zaƙi da ƙamshi ba. In an makara, ba za ta jure ajiya ba. Suna da gwaji mai sauƙi. Sukan yanka tuffa biyu, su shafa mata aidin. Inda akwai sitaci sai ya yi baƙi. Ɗanyar tuffa sitaci ne ya cika ta. Tana nuna, sitacin yana komawa sukari. Wadda za a ajiye ta daɗe, ana tsinkar ta tun da sauran sitaci. Wadda aka shafa wa aidin ba a ci, zubarwa ake yi.

Na biyu, hannu. Da hannu ake tsinkar tuffa, ɗaya bayan ɗaya. Ba a girgiza bishiya. Wadda ta faɗo ƙasa ba ta shiga ajiya. Funfuna ta wurin rauni take shiga. Akwai wata shuɗiya-shuɗiya da ta fi yi wa tuffa ɓarna. Tana iya girma ko a cikin sanyi.

Na uku, abincin bishiya. In tuffa ba ta sami sinadarin kalsiyam isasshe ba, sai ɗigo-ɗigo masu duhu su fito mata a ajiya. Wurin yana da ɗaci. Shi ya sa manoma suke fesa wa bishiya kalsiyam tun 'ya'ya suna ƙanana. Manya-manyan tuffa sun fi kamuwa da wannan. Matsakaiciya ta fi jure ajiya.

INA LABARIN ƊANƊANO?

Daɗin tuffa abu huɗu ne: zaƙi, ɗan tsami, ƙarfin jiki da ƙamshi. Sanyi yana tsare ukun farko sosai. Amma ƙamshi yakan ragu in ajiya ta yi tsawo. Tuffar da ke barci ba ta yin ƙamshi da yawa. In an fito da ita ta sha iska, wani sashe na ƙamshin yakan dawo.

Tuffa kuma tana ɗaukar warin abin da ke kusa da ita. Kada a haɗa ta da albasa ko tafarnuwa. Kada a ajiye ta kusa da kananzir, ko kifi, ko daddawa.

ABIN DA ƊAN TIREDA ZAI YI

Tuffa ta yi doguwar tafiya cikin sanyi. Daga ranar da ta fito, barci ya ƙare. Zafinmu zai sa ta tsufa da sauri. A nan ne riba take tafiya.

Mu yi lissafi. A ce kwalinka yana da tuffa 150. A ce sai ka sayar da 120 za ka mai da kuɗinka. Ribarka ita ce sauran 30. In 15 suka ruɓe, rabin riba ta tafi. In 30 suka ruɓe, ka yi aikin banza.

Ga shawarwari:

1. Sari abin da za ka iya sayarwa cikin 'yan kwanaki.
2. Buɗe kwali ka duba kafin ka biya.
3. Kada ka jefa kwali. Kada ka zauna a kansa.
4. In tuffa ta fito daga sanyi takan yi gumi. Bar ta ta bushe a inuwa.
5. Ware masu rauni. Fara sayar da su.
6. Kada ka baza duk kaya a rana. Fito da kaɗan, sauran su zauna a inuwa.
7. Kada ka jera ta tare da ayaba, ko mangwaro, ko kabeji. Iskar nuna za ta ɓata su.
8. Duba kayanka kowace safiya. Cire duk wadda ta fara ruɓa.

Wadda ta yi funfuna a zubar. Funfunar tuffa tana barin guba a ciki. Kada a ba yara. Kada a matse ta a yi abin sha.

ABIN DA UWARGIDA ZA TA YI

In akwai firji, a sa tuffa a leda. A huhhuda ledar domin iska ta shiga. A ajiye a akwatin ƙasa na firji. In wuta ta tsaya, za ta iya yin makonni 4 zuwa 6. A ɗaki kuwa, mako guda ma da wuya.

Kada a sa ta a firiza. In ta yi ƙanƙara ta narke, sai ta zama taɓo-taɓo.

Kada a wanke ta sai za a ci. Kada a haɗa ta da karas, domin iskar nuna tana sa karas ɗaci.

IN BABU WUTAR LANTARKI FA?

Kowa ya san randa tana sanyaya ruwa. Ruwa yana tsatsowa ta jikinta. Iska ta busar da shi, ta tafi da zafi. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yi amfani da wannan hikima. A shekarun 1990 ya yaɗa tukunya cikin tukunya a ƙauyuka. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki.

Ga yadda ake yi. A sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. A zuba yashi a gindin babbar. A sa ƙaramar a ciki. A cika tsakaninsu da yashi. A jiƙa yashin da ruwa. A zuba kaya a ƙaramar tukunya. A rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. A ajiye a inuwa, inda iska ke kaɗawa. A riƙa ƙara ruwa safe da yamma.

Wannan tukunya ta fi aiki da rani, lokacin da iska ta bushe. Da damina ƙarfinta yakan ragu. Sanyinta bai kai na firji ba. Amma tana ƙara wa kaya kwanaki, kuma tana hana su yamushewa.

GARGAƊI GA MANOMA

Tumatir da mangwaro da ayaba su ma suna numfashi. Su ma zafi yana cinye su. A tsinke su da sassafe. A kai su inuwa nan da nan. Kada a danne su a kwando.

Amma kowane ɗan itace da irin sanyin da yake so. Tuffa 'yar ƙasar sanyi ce. Ayaba da mangwaro 'yan ƙasar zafi ne. In sanyi ya sauka ƙasa da wajen digiri 12 ko 13, sukan lalace. Fatar ayaba ta yi baƙi. Mangwaro ya ƙi nuna da kyau. Ɗanyen tumatir ma haka. In za ku kai kaya ɗakin sanyi na haya, ku tambayi digirin ɗakin tukuna.

SABABBIN KALMOMI

Digiri: ma'aunin zafi da sanyi.
Oksijin: sashen iska da muke shaƙa mu rayu.
Etilin: iskar da ke sa 'ya'yan itace su nuna.
Laima: danshin da ke cikin iska.
Kalsiyam: sinadari mai ƙarfafa ƙashi da 'ya'yan itace.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa aka ce tuffa tana da rai bayan an tsinke ta?
2. Faɗi abubuwa uku da mai ajiya yake kula da su.
3. A digiri nawa ake ajiye yawancin tuffa?
4. Me ya sa ɗakin da aka rage wa oksijin yake da haɗari?
5. Kwali yana da tuffa 150. An zubar da 18. Saura nawa?
6. Me zai faru in an sa ayaba a sanyin tuffa?

AIKIN GIDA

Ku sami tumatir shida masu girma ɗaya, marasa rauni. Ku ajiye biyu a rana. Ku ajiye biyu a inuwa. Ku sa biyu a tukunya cikin tukunya. Kowace safiya ku duba. Ku rubuta abin da kuka gani a littafi, har kwana bakwai. Ku kai wa malaminku a aji, a karanta tare.

A karanta wa maƙwabta wannan darasi. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.